LACCA A KAN SABABBIN HANYOYIN TSARE KUƊIN GWAMNATI

Zuwa ga Hakimai da Malaman Ofis.

Tun farkon ƙarni na 20, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, aka kafa Baitulmali, daga nan sauran En'e suka ɗauka. Ƙa'idarsa a fili ta ke: duk abin da aka tara na haraji da jangali ya shiga hannun Ma'aji, a ba da rasit, a yanka wa kowa albashi, kada a fid da ko anini sai yana cikin kasafi. A kan wannan tushe ne aka gina sababbin hanyoyin nan biyu, sai dai na'ura ta maye gurbin littafi da alƙalami.

Ta farko ita ce Asusu Ɗaya. Sashi na 80 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kuɗin shigar Tarayya su taru wuri guda, amma duk da haka ma'aikatu sun buɗe dubban asusu a bankunan kasuwa. Babban Akanta ba shi da ikon sanin abin da ke hannun Gwamnati a rana ɗaya. Abin takaici kuwa, sai banki ya ba Gwamnati rance da ruwa, alhali kuɗinta na kwance a wurinsa. An fara gwajin Asusu Ɗaya a 2012, sa'an nan a 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci a rufe waɗancan asusun a mai da kuɗin Babban Bankin Nijeriya, wa'adi 15 ga Satumba. Jihar Kaduna ma ta bi wannan hanya a shekarar. Amfaninsa shi ne, mai biyan kuɗin Gwamnati ya kan karɓi lamba ya biya a banki, kuɗin ya wuce kai tsaye, ba ya kwana a aljihun kowa.

Ta biyu ita ce rajistar albashi ta bai ɗaya, wadda a ke kira IPPIS, da aka soma a 2007. A kan ɗauki hoton ma'aikaci da zanen yatsunsa, albashinsa ya faɗa asusunsa ba tare da ya bi ta hannun mai biya ba. Da Babban Banki ya fito da lambar BVN a 2014, watau lamba ɗaya ga mutum ɗaya komai yawan asusunsa, sai asiri ya tonu. A watan Fabrairu 1916 ba a san irin wannan bincike ba. A Fabrairun 2016 kuwa Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwar an soke sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi, aka tsirar da fiye da Naira biliyan biyu kowane wata.

Hanyar ba ta rasa wahala ba. Malaman jami'a sun daɗe suna kukan ba ta dace da yanayin aikinsu ba, har a Disamba 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yarda a fid da jami'o'i daga cikinta.

To, ina ruwan Hakimi da Malaminsa? Ruwansu babba ne, gama na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka rubuta mata. Idan malamin makaranta ya rasu ba a kai rahoto ba, albashinsa zai yi ta fita. Idan ma'aikacin asibitin ƙauye ya yi wata uku ba a ga ƙeyarsa ba, kwamfutar Abuja ba za ta sani ba, amma Dagaci ya sani. Saboda haka abu uku ya wajaba. A riƙa rubuta rasuwa da ƙaurar ma'aikata a aika wa hukuma da wuri. Kada a sa hannu a takardar shaida sai an ga mutum ido da ido. A gargaɗi talakawa kada su biya kuɗin hukuma babu rasit.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin da ya zurare, shi ne rijiyar da ba a gina ba da maganin da bai iso ba.

Allah shi ba da ikon riƙon amana, amin. Wassalam.