Motar Da Ke Ƙin Tashi In Ta Ɗau Zafi: Jawabin Ɓangaren Direbobi Da Makanikai



Mu direbobi da makanikai mun zaɓi mu yi magana kan matsala guda wadda ke cinye ribar mai kaya ba tare da ya sani ba. Mota ta tashi lafiya da asuba, ta yi tafiya mai nisa, a kashe ta a layin kwastan ko na duwan, a zo tayarwa ta ƙi, ko ta tashi tana karkarwa ta sake mutuwa. Duk mai bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, ko Kwangwalam zuwa Damagaram, ya san wannan, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. In tumatir ne ko tumaki a bayan motar, jinkirin awa biyu asara ce.

Ga tushen abin. Da an kashe inji, ruwa ya daina zagayawa, iska ta daina shiga, sai zafin ƙarfe ya taru a ƙarƙashin bonet. Shi ya sa motar da aka tayar bayan minti ɗaya ba ta gardama, wadda ta kwana ma haka, amma wadda ta tsaya kwata ko rabin awa ita ke wahalarwa.

Saboda haka a duba mota tana da zafinta. In ta huce kafin a kai ta gareji, cutar ta ɓuya, sai a shiga canje-canjen kaya bisa zato. Tambaya uku muke yi.

Ta farko: injin yana juyawa da ƙarfi? In yana ja da kyar, a fara da kan batir da wayar da ke haɗa shi da jikin mota, sannan sitata, don gajiyayyar sitata ta fi nuna rauninta in ta yi zafi. Lafiyayyen batir a cike yana nuna kusan 12.6 a mita.

Ta biyu: akwai wuta a fulogi? In babu, amma ta dawo bayan injin ya huce, a tuhumi koyil, ko sensar da ke sanar da kwamfutar mota juyawar karanshaf. Dukansu sukan yi aiki da sanyi su ɗauke da zafi.

Ta uku: mai ya yi kaɗan ne ko ya yi yawa? A nan aka fi ruɗewa. Fetur na da saurin zama tururi. A tsofaffin motoci masu kafireta, irin su 504 da J5, yakan tafasa a cikin bututu, famfo ya yi ta jan iska. Wani lokaci kuma ya tafasa cikin kafiretar ya malala cikin inji, ka ji wari, fulogi ya jiƙe. In haka ne, a taka totur har ƙasa a riƙe, kada a yi ta ɗanna shi ana saki, a murza makulli na abin da bai wuce daƙiƙa 10 ba, a huta kafin a sake.

A motoci masu nozul, a buɗe makulli ba tare da tayarwa ba, a jira famfo ya yi ƙararsa, a rufe, a maimaita sau uku. In ta tashi nan take, mai ne ke zurarewa bayan an kashe ta: ko famfon ba ya riƙewa, ko wani nozul na ɗiga. In kuwa ta tashi da baƙin hayaƙi tana shan mai fiye da da, a duba sensar zafin ruwa. In ta lalace, takan gaya wa kwamfuta injin na sanyi, kwamfutar ta ƙara masa man da ba ya buƙata.

Abu biyu muke roƙo a bari. Kada a kwara ruwan sanyi kan inji mai zafi, yana iya tsaga shi, kada kuma a buɗe murfin lagireto a lokacin, ya ƙona mutane da yawa. Sannan man jarka da ba a tace ba yana toshe filta ya gajiyar da famfo. Araha ba ta ado.

Iyayenmu masu motoci, in direba ya ce mota ta fara nawa in ta yi zafi, a saurare shi tun kafin a yi lodi. Kuɗin filta ko koyil bai kai kuɗin kwandon tumatir goma da suka ruɓe a bakin iyaka ba. Ku kuma direbobi, ku riƙe abu uku ku faɗa wa makanike: minti nawa ta tsaya, yadda injin ya juya, da irin wari ko hayaƙin da kuka gani. Wannan rabin gyara ne.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa.