Zane Mai Ƙidaya Kansa



Kowane ginin gwamnati, asibiti ne ko makaranta, takardu biyu ne ke haifarsa. Ta farko ita ce zane, wadda ke nuna inda bango zai bi da inda ƙofa za ta tsaya. Ta biyu ita ce takardar ƙididdigar kaya, wadda ke faɗin ƙofa nawa, taga nawa, fanka nawa, a kan nawa. Magini da zane yake aiki, amma baitulmali da ƙididdiga yake biya. Duk ranar da waɗannan takardu biyu suka saɓa, to, tsakaninsu ne kuɗin talakawa ke zurarewa. Maganarmu ta yau a kan dabarar da ke sa takarda ta biyu ta fito daga cikin ta farko ce, ba tare da ta bi ta yatsan mai ƙidaya ba.

A da, mai ƙididdiga yakan shimfiɗa zane a tebur, ya ɗauki jan fensir, ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya yana ɗigawa. In mai zane ya sake shawara ya mai da ɗakin ajiya ofis, sai a kankare, a gyara, amma sau da yawa jadawalin ƙofofi yana nan yadda yake. Ba lalle ne wani ya yi niyyar cuta ba. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari: takardun da ba su jitu ba gayyata ce ga ɗan kwangilar da ke neman ƙari.

Tushen maganin ya girmi yawancinmu. A shekarar 1963 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Ivan Sutherland, ya gabatar da manhajar da ya kira Sketchpad, inda mutum ke zane a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske. Babbar hikimarsa ita ce a zana abu sau ɗaya a matsayin uwa, sa'an nan a yi ta dasa 'ya'yansa. In aka gyara uwar, 'ya'yan duka sun gyaru. Wannan tunani ne kamfanin Autodesk ya sa a cikin AutoCAD, wadda ta fito a 1982, ya kira shi bulok. Kada sunan ya ruɗe mu da bulon siminti. Ya fi kama da hatimi: an sassaƙa shi sau ɗaya, ana buga shi sau ɗari, kuma kwamfuta tana sane da kowane bugu.

To, amma hatimi kurma ne. Yana iya nuna cewa nan ƙofa ce, ba ya iya faɗin ta katako ce ko ta ƙarfe. Don haka aka ƙara masa siffofi, watau 'yan guraben rubutu da ke manne da shi. Da umarnin ATTDEF ake kafa su. Kowace siffa tana da suna, kamar LAMBA ko FADI ko IRI, wanda ba ya ɗaukar tazara a tsakiyarsa. Tana da tambayar da za a yi wa mai zane. Tana kuma iya samun amsar da za ta zauna in bai ce kome ba. Daga nan, duk lokacin da aka dasa ƙofa a zane, sai kwamfuta ta tambaya: lambarta nawa, faɗinta nawa, da me aka yi ta? Siffar ɗaya ce a duk ƙofofin, amsar kuwa ta kowace ƙofa ce ita kaɗai. Ana iya ɓoye wasu siffofin don kada su cika takarda da rubutu, alhali suna nan a ciki suna jiran ranar ƙidaya.

Fitar da su kuwa, a farkon zamani aiki ne na masu haƙuri. Umarnin ATTEXT yana bukatar a rubuta masa 'yar takardar tsari da hannu, layi ɗaya ga kowace siffa: sunanta, sai harafin C in rubutu ne ko N in lissafi ne, sai lambobi shida, uku na faɗin gurbi, uku na adadin ɗigon goma. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya tsai da aikin. Abin da ke fitowa jerin layuka ne tsirara, waɗanda sai an kai su wata manhaja kafin su zama jadawali. Daga baya aka sauƙaƙa. Bugun AutoCAD 2005 ya zo da jadawali na ainihi a cikin zane, bugun 2008 kuma ya zo da DATAEXTRACTION, wanda ke bi da mutum mataki-mataki: waɗanne zane-zane, ko da babban fayil ne guda, waɗanne hatimai, waɗanne siffofi. Yana haɗa layukan da suka yi daidai ya rubuta adadinsu a gefe, ya ajiye jadawalin a cikin zanen ko ya aika da shi Excel. Mafi muhimmanci, yana tuna zaɓin da aka yi, har in zane ya sauya ya yi gargaɗi cewa jadawali ya tsufa, a sabunta shi.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ƙofa take ƙidayawa ba, hatimi take ƙidayawa. A ɗauka muna da zanen asibiti mai ƙofofi 120. Wani mai zane cikin gaggawa ya farfasa hatimai 6 da umarnin EXPLODE don ya ɗan gyara su. A ido ƙofofin suna nan, amma sun koma layuka zalla, amsoshinsu sun ɓace, jadawali zai ce 114. Wani kuma ya dasa hatimi a kan hatimi, ido na ganin ɗaya, lissafi na ganin biyu. Samfurin da aka ajiye a gefen takarda don bayanin alamomi shi ma zai shiga ƙidaya in ba a ware shi ba. In wannan ya rubuta K1, wancan ya rubuta K-1, ƙofa iri ɗaya ta rabu layi biyu. In aka ƙara wa uwar hatimi sabuwar siffa, tsofaffin da aka riga aka dasa ba za su same ta ba sai an bi su da ATTSYNC.

Mafi haɗari duka shi ne wanda ba ya barin alama. Siffa rubutu ce kawai, ba awo ba ce. Ana iya faɗaɗa ƙofa a zane daga milimita 900 zuwa 1200 don gadon majiyyaci ya wuce, siffar tana nan tana cewa 900. Jadawali zai fito tsaf, kafinta zai yi ƙofa bisa abin da ya karanta, sai ranar sawa a tarar da rata. Mutane kuwa sun fi gaskata kuskuren da ya fito a buge da wanda aka rubuta da hannu. A ganinmu wannan ne dalilin da ya sa manhajoji irin su Revit, wadda Autodesk ya saya a 2002, suka samu karɓuwa: a can faɗin da ke jadawali da faɗin da ke zane abu ɗaya ne, in ka taɓa wannan ka taɓa wancan.

Duk da haka, ofisoshi da yawa da hatimi da siffa suke aiki, kuma su za ku tarar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a ja layin farko ya kamata ofis ya yanke sunayen siffofinsa da yadda za a rubuta amsoshi, ya ajiye hatimansa wuri ɗaya kowa ya ɗiba daga can. Farashi kuwa, shawararmu kada a sa shi cikin siffa, domin zane yakan daɗe, farashin kasuwa ba ya kwana. A bar shi a takardar lissafi, a haɗa su da lambar ƙofa.

Ku da za ku zauna a ma'aikatar ayyuka kuna duba takardun kwangila, kada ku tsaya ga bugaggen jadawali. Ku nemi fayil ɗin zanen kansa, ku sake fitar da jadawalin a gabanku, ku gwada da abin da aka kawo a biya. Sa'an nan ku zaɓi ɓangare ɗaya na ginin, ku ɗauki jan fensir, ku ƙidaya ƙofofinsa da ido.

 Muna sauraron tambayoyi.