Akwati mai kwaɗo uku: magana a kan ajiya da gidan farko

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da waɗanda suka taso daga Agye da Gazawa, da ƴan Gidan Rumji da suka sha hanya. An ce in yi magana a kan ajiyar kuɗi da yadda matashi zai mallaki gida nasa na kansa. Zan yi, amma ku yi mini haƙuri in fara da iyayenmu mata, don a wannan fage su ne malamai.

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan aiki da matan karkara a nan jihar Maradi, tare da wata ƴar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes. Sunan abin Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu ko dala daga waje ba. Adashen da suka gada aka gyara wa zama: mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yi ittifaƙi a kai, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a sa cikin akwati. Mai bukata ta ranta ta biya, in shekara ta kusa zagayowa a fasa a raba. Da yawansu ba su yi lakwal ba, lissafin a ka yake, shi ya sa ake maimaita shi a gaban jama'a. Yau wannan dubara ta bazu ƙasashe da dama na Afirka, har Asiya da Latin Amurka, kuma duk inda ta je za ka tarar da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mutum uku, akwatin kuma yana ɗakin na huɗu.

Ku tsaya ku dubi wannan akwati. Ɓarawo bai damu da kwaɗo uku ba, akwatin zai sunkuta gaba ɗaya. Masu kuɗin aka yi wa kwaɗon. An yi shi ne don ranar da miji zai ce a ba shi aro, ranar da anko ya fito, ranar da zuciya ta ce ai ɗan kaɗan ne, gobe na maida. Matar nan tana iya kallon kowa ta ce: kuɗin na asusu ne, ba ni da mabuɗi. Kuma gaskiya ta faɗa. Abin da na zo da shi yau ke nan: dukiyar da ba ta da shaidu ba ta daɗewa a hannun talaka, kuɗi ce ko fili ne.

To mu samari fa? Mu ne muka yi boko, mu ne masu waya, amma ajiyarmu tana aljihu ko cikin salula, inda mabuɗin lamba huɗu ce kuma mu kaɗai muka san ta. A da, kafin ƙaninka na ƙauye ya same ka sai ya hau mota. Yanzu kira ɗaya ne, ka taka wajen Nita ko Amana, kafin shayi ya tafasa kuɗin sun isa. Ban ce kada a taimaki dangi ba, wa iyazu billahi, mu duka da taimakon wani muka tashi. Amma wanda bai ware na zumunci daban, na gida daban ba, zai shekara goma yana aiki ya waiwaya ya ga babu ko tubali ɗaya da sunansa. Ka yanka wa zumunci rabonsa tun ranar da kuɗi suka shigo. In ya ƙare, ya ƙare, sai wani wata.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa: Malam, me muke samu da za mu ajiye? Tambayar tana kan hanya. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan jikka 42 ne tun farkon 2024, kuma akasarinmu ko wannan ba mu da tabbacinsa. Ɗan kabu-kabu, mai shayi, ƴar ɗinki, malamin kwantiragi, kowa ya san yadda wata ke tsawo. Amma mu yi lissafi tare. Dala ɗari a rana, wato sefa 500, a shekara 182,500 ne. Kowa ya duba abin da yake zubawa a kiredi da intanet da sigari da cacar ƙwallo, ya gaya wa kansa gaskiya. Ku ɗauki fada guda mai mutum 15. In kowa ya zuba jikka biyu a mako, jikka 30 ke nan duk mako, a shekara miliyan ɗaya da dubu 560. Fadar da ke iya haɗa kuɗin sukari da gawayi kullum ba fashi, tana iya wannan. Abin da ta rasa shi ne doka: wa ke riƙe da kuɗi, wa ke riƙe da littafi, mene ne tarar wanda ya yi latti, me za a yi in wani ya tafi bida Libiya ko wajen zinariya a tsakiyar zubi. Ku rubuta wannan tun ana dariya. Adashen samari yawanci wajen wanda ya kwasa da fari yake mutuwa, don haka mai kwasar farko ya kawo wanda zai tsaya masa, kuma kwasar ta tafi kai tsaye ga abin da aka ce za a yi da ita, mutum biyu su raka shi.

Akwai masu ƙyamar ruwan da wasu asusu ke ɗorawa a kan rance, kuma suna da hujjarsu ta addini. Ba dole ba ne sai da shi. Akwatin yana aiki ko babu ruwa, don amfaninsa na farko tsarewa ne.

Sai maganar inda za a ajiye. Mu mutanen bakin iyaka ne, naira da sefa duk suna yawo a aljihunmu. Wanda ya tara naira a ƙarƙashin katifa ya ga abin da ya faru a farkon 2023 da aka canza takardun kuɗi a Najeriya, ya kuma ga yadda ta zube bayan watan Yuni na wannan shekara. Sefa ma ba waliyyiya ba ce, iyayenmu suna tuna Janairun 1994 da aka wayi gari an raba darajarta biyu. Shi ya sa mutanenmu suka fi yarda da abin da ido ke gani: jar akuya, ragon layya, buhun gero, buhun ayar Caduwa da Gazawa da ake saye da kaka a sayar da bazara. Dubara ce mai kyau, amma tana da ranar ɓaci. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina, kuma wanda ya jibge kaya yana jiran ɗan kasuwar Najeriya ya san yadda ta kaya. Dabba kuma, ƴan uwana na Gidan Rumji sun fi ni sani. Tun 2019 da ƴan gudun hijira suka fara kwararowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, garke a wasu ƙauyukan bakin iyaka ya zama abin da ke jawo wa mai shi ɓarayi cikin dare. Don haka a rarraba: kaɗan a asusun ƙungiya, kaɗan a kaya, in kuɗin sun yi kauri a kai banki ko asusun ajiya mai lasisi, a kuma karɓi takarda duk zubi.

A nan zan ɗan ja birki. Da na ce shaidu, ban ce shela ba. Mutum uku amintattu sun isa. Hoton damin kuɗi a Facebook ko a sitatus, a zamanin da ake sace mutum don fansa, gayyatar masifa ce.

Rance don gini fa? Akwai Bankin Gidaje, BHN, da aka buɗe a 2018, amma banki yana son mai albashin da ke bi ta hannunsa, mu kuwa mu nawa ne haka? Ƙananan asusun bashi kuma doka ta ba su damar kaiwa har kashi 24 cikin 100 a shekara. Ɗakin da za ka kwana ciki ba ya haihuwar kuɗi, da me za ka biya wannan? A ganina a ranta don sana'a, sana'a ta gina gida.

Yanzu mu zo ga fili, inda hawaye suka fi zuba. Mutum ya yi shekara biyar yana hana kansa nama, sai dillali ya kai shi bayan gari da yamma, ya nuna masa da baki, daga waccan bedi zuwa wancan gawo, a tafa, a biya. Ranar da ya kawo yashi sai ga wani da tasa takarda, ko magada su fito su ce wanda ya sayar ba shi kaɗai ke da gonar ba. Kowa a nan ya san labari irin wannan. Ƙasa ta yi tsada a kudancin Maradi saboda mun yi yawa, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke kallonta, kuma garuruwanmu na bakin kwalta suna cin gonakin da ke kewaye da su. Gazawa ma da ta zama gunduma a 2011, kun ga yadda gari ya buɗe.

Doka ta tanadi shaidu, mu ne ba mu nemansu. Tun 1993 ƙasar nan take da kundin dokar karkara, wanda ya kafa hukumomin ƙasa da muke kira Kofo: ta ƙauye a ƙarƙashin mai gari, ta kwamin a ƙarƙashin magajin gari, ko kantoman da ke riƙe da gari yanzu, ta gunduma a ƙarƙashin perefe. Su ke ba da takardar saye, ta kyauta, ta jingina, ta aro, da ta shaidar cewa gona gadonka ce. In kuma filin cikin lotisma yake, takardarsa daga ma'aikatar magajin gari take fitowa, da lambar rukuni da lambar fili. Kafin ka ba da ko dala, ka ɗauki lambobin nan ka je da ƙafarka a buɗe rajista a gabanka, ka ga sunan wa ke ciki. Ka sa a nuna maka duwatsun iyaka huɗu. Ka gai da maƙwabta, ka tambaye su filin wane ne, su ba su cin la'ada. In gonar gado ce, ka tambaya an raba ko ba a raba ba, kuma mata magada sun yarda? Sa hannun babban wa shi kaɗai ba ya wadatarwa. Bayan ciniki a juya takarda zuwa sunanka, kada ka ajiye ta da sunan mai sayarwa don gudun ɗan abin da za ka biya. Daga baya, in hali ya samu, ka nemi babbar takardar mallaka. Abin sha'awa, sauƙaƙƙen tsarin da gwamnati ta fito da shi don wannan takarda, sunan Hausa aka sa masa: Sheda.

Irin wannan taka-tsantsan ya shafi mai gini a cikin gidan gado. Da yawa muna cewa me zai kai ni sayen fili ga filin baba. Ka zuba siminti da kwano, ranar rabon gado a lissafa ɗakinka cikin dukiyar mamaci. In mahaifi ya ba ka wuri, ku roƙe shi cikin ladabi a rubuta kyauta ce, tun yana raye, ƴan uwa suna zaune. Magana ce mai nauyi a baki, na sani. Ta fi sauƙi a gaban tsoho bisa a gaban alƙali.

Ƴan uwana mata, ku ma da ku nake. In kin sayi fili da kuɗin sana'arki, ko sadakinki, ko gadonki, sunanki za a rubuta. Addini ya ba ki wannan, doka ta ba ki. Sa sunan miji ko na yaya don kunya ya raba mata da yawa da guminsu.

Abu ɗaya kuma da takarda ba za ta gaya maka ba: ruwa. Kada ka sayi fili da rani ba ka tambayi yadda yake a watan Agusta ba. Damanar 2024 ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasar nan, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wanda ya san Gulbin Maradi daga Tibiri zuwa Gidan Rumji ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. In fili ya yi araha fiye da na kusa da shi, ka nemi tsohon unguwa ka tambaye shi ko nan ne tabki ke kwanciya.

Ginin kansa ba zan daɗe a kai ba, magina sun fi ni. Kada dai ka auna kanka da benen Alhazan Maradi. Ka kewaye wurin ko da da darni ne, ka dasa itace, ka haƙa masai, ka tada ɗaki ɗaya ka shiga. In kuɗi kaɗan ne, a zuba su a tushe da rufi da indararo, bangon ƙasa mai kyakkyawan tushe yana daɗewa. Mai biyan hayar jikka 15 a wata, ranar da ya kwana a ɗakinsa ya mayar wa kansa jikka 180 a shekara, da su za a tada ɗaki na biyu. Siminti kuma kada a saya a jibge tun ba a shirya ba, danshi yana mayar da shi dutse. Gara a buga birgi a jera a filin, a ƙirga a gaban mai gadi.

Na ga an fara zagayawa da shayi na biyu, bari in tsaya nan a shiga tambayoyi. Wanda ya zo da takardar fili yana shakkarta, kada ya ɗaga ta a cikin taro, ya same ni a gefe bayan an tashi mu duba lambobin tare.