Doki Da Hadari: A Shigar Da Shi Barga Ko A Bar Shi Waje?

Jawabin malamin gona ga manoman auduga na Domayo, cikin Marwa

Ni yaro ne a cikinku. Akwai waɗanda suka riƙe linzami tun ba a haife ni ba, saboda haka ba zan koya muku kiwon doki ba. Magana ɗaya na zo da ita, wadda a ke ta gardama a kanta kowace damina. Watau in hadari ya taso, wane ya fi, a shigar da doki barga, ko kuwa a bar shi waje?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga manomin auduga. Tun farkon shekarun 1950, sa'ad da kamfanin CFDT ya fara aikin auduga wajen Kaele, a ke koya wa mutanen ƙasan nan huɗa da dabba. A shekarar 1974 SODECOTON ta karɓi aikin, babban ofishinta kuwa yana Garwa. Da shanu aka fara, daga baya jaki da doki suka shigo, har da ƙurun nan na Musai da a ke kiwo wajen Gobo da Yagwa. To, dokin da a da sai hawan salla, yanzu shi ne ke jan garma. In ya karye cikin watan Yuni, ba doki kaɗai aka rasa ba. An rasa huɗa, shuka ta makara, kun kuwa san audugar da aka shuka a makare ba ta cika ma'auni. Ga kuma bashin garma da na taki suna jira, su ba ruwansu da abin da ya sami doki.

Da fari sai mu rarrabe abin da mu ke tsoro. Ruwan sama kansa ba ya kashe lafiyayyen doki. Ruwan da mu ke samu nan Marwa wajen milimita 800 ne a shekara, Garwa kuwa wajen 1000, ba kuma ruwan sanyi ba ne irin na ƙasar Turai. Doki mai jiki ya kan juya wa iska baya, ya sunkuyar da kai, ya tsaya har ruwa ya ɗauke. Abin da ke kashe dabba shi ne abin da ke tafe tare da ruwan: iska mai ɗauke kwano da karya rassa, da aradu, da katangar da ta jiƙe ta faɗi, da ambaliya. Kowannensu kuwa da wurin da ya fi ɓarna.

Mu fara da aradu, don nan ne mutane suka fi yin kuskure. In hadari ya taso, sai ka ga mutum ya ja dokinsa ya ɗaure gindin dalbejiya ko maɗaci, wai ya sama masa mafaka. Babu wurin da ya fi wannan muni. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo. In ta faɗa wa itace, wutarta ba ta tsayawa nan, sai ta sauka ta bazu cikin ƙasa kewaye da gindin. Ga inda dabba ta fi mutum shiga haɗari. Mutum ƙafafunsa biyu kusa da juna su ke. Doki kuwa da sa akwai rata mai yawa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, sai wutar ta shiga ta wannan ta fita ta waccan, ta bi ta ƙirji, ta tsai da zuciya. Shi ya sa a kan tarad da dabba matacciya ba ko ƙuna a jikinta, har a riƙa cewa sammu ne ko aikin iskoki. A ƙasar Norwe, cikin watan Agusta na 2016, hadari ɗaya ya kashe dabbobin dawa 323 masu kama da barewa, don sun taru wuri guda sun matsu da juna. Wutar da ta bi ƙasa ce ta kwashe su.

Ban ce barga tana hana aradu ba. Rumfar kwano ko ta ciyawa ba ta hana ta. Amma barga gajera, wadda ke nesa da dogon itace, ta fi gindin itace, ta fi kan tudu, ta kuma fi jikin shingen waya. Kada kuma a ɗaure doki da sarƙa, ko a jikin turken ƙarfe, ko gindin sandar lantarki. Mu da ke cikin gari muna da wannan ƙarin damuwa, don in iska ta tsinke waya ta faɗo cikin ruwa, duk abin da ya taka wurin ya halaka.

Sai iska. Kun san hadarin farkon damina, na Mayu da Yuni, shi ya fi faɗa. Daga gabas ya ke tasowa, da jan ƙura a gabansa, iskar kuwa ita ke riga ruwa isowa. Cikin wannan ɗan lokaci a ke yin yawancin ɓarna. Nan ne masu cewa a bar doki waje su ke da gaskiyarsu. Bargar da aka ɗora wa kwano aka danne da duwatsu, ba ƙusa ba waya, ba barga ba ce, tarko ne. Iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga kwanon, duwatsu su zubo bisa gadon bayan doki, shi kuwa yana ɗaure, ba wurin gudu. Kwano mai tashi kuma wuƙa ne, ya kan yanke jijiyar ƙafa. Dokin da jijiyarsa ta yanke kuwa ya gama jan garma.

A ƙasar Amurka, a jihar Fulorida inda a ke yin manyan guguwa daga teku, masu dawaki da yawa su kan saki dabbobinsu cikin babban fili mai shinge, inda ba itatuwa, ba wayar lantarki, don kada gini ya rushe a kansu. Dabara ce mai kyau a wurinsu. Amma wa ke da irin wannan fili a Domayo? Mu da damina ko'ina shuka ce. Ka saki ingarma cikin dare, tsawa ta firgita shi, gari ya waye yana cikin dawar wani ko audugar wani. Sai biyan ɓarna, sai shari'a gaban mai unguwa, sai gaba tsakanin maƙwabta. In ma ba a yi haka ba, ya hau titi mota ta buge shi, ko ya gamu da wanda ba zai komo da shi ba. Don haka in na ce waje, ba saki na ke nufi ba. Ina nufin turke a fili, tsakar gida ko bayan gida, nesa da itace da katanga da rufin da ba a amince da shi ba, da igiya mai ɗan tsawo yadda zai iya juya wa iska baya.

To, ga nawa ganin, iyayena. Barga mai ƙarfi ita ce gaba da kome. In babu ita, fili ya fi ruɓaɓɓiyar barga. Gindin itace kuwa kada ma a sa shi cikin lissafi. Ashe tambayar ba ta doki ba ce, ta bargar ce. Ba kuwa sa'ad da gabas ta yi baƙi a ke amsa ta ba, tun cikin Afrilu a ke amsa ta.

Yaya a ke gane barga mai ƙarfi? Ka kama ginshiƙi ka girgiza. In ya motsa, gara ta ci gindinsa, sai a sake shi. A kafa kwano da ƙusa, a kuma ɗaure katakon rufin da waya a jikin ginshiƙi, don sau da yawa ba kwano ɗaya ke tashi ba, rufin ne duka ke tafiya. In jinka ce, a ɗaure ta tam. Ni dai na fi son jinka ga doki, don ba ta zafi, ba ta kuma ƙara. Ƙarar ƙanƙara bisa kwano tana haukata dokin da bai saba ba. A toshe gefen gabas, a sa ƙofa ta dubi yamma. A cika daɓen ya fi tsakar gida tudu, a yi masa ɗan gangare, a haƙa lambatu kewaye. Rufi kuma ya yi tsawon da in doki ya ɗaga kai ba zai buga ba. A tsince ƙusoshi da guntayen kwano da tsofaffin haƙoran garma daga wurin.

Wajen ɗauri, a yi ƙullin da ja ɗaya ke kwance shi, a kuma rataye wuƙa kusa da ƙofa. Igiyar da ta jiƙe ba ta kwantuwa da hannu cikin duhu. Kada a bar doki da tarnaƙi cikin hadari, don in ya zabura faɗuwa zai yi. Ingarma biyu kada su kwana inda za su kai ga juna. Kuma a saba wa doki da shiga barga tun da rani, a riƙa ba shi harawa da dusa a ciki. Dokin da bai taɓa shiga ba, ba ranar tsawa za a koya masa ba.

Akwai wani abu da ni ke gani gida gida, ba ya kuwa yi mini daɗi. Mutum ya karɓo takin zamani da maganin feshin auduga, ya rasa wurin ajiya, sai ya jibge su a kusurwar barga. Rufi ya yi yoyo, farin takin nan ure ya narke ya taru a ƙasa, sa ya sha, kafin a ankara ya kumbura ya mutu. Maganin feshi kuwa guba ne ga doki da sa da mutum duka. A nema musu ɗaki dabam mai kulle.

Cikin marka, watau Agusta, abin ya kan canza. Iska ta ragu, amma ƙasa ta ƙoshi. Sa'an nan ne katangar ƙasa ke faɗuwa, sau da yawa ma bayan ruwa ya ɗauke. Wanda bargarsa ke jingine da tsohuwar katanga ya duba gindinta. In ya ga ta tsage ko ta jiƙe har sama, ya fitar da dabbarsa. Waɗanda ke kusa da mayo kuma, kun fi ni sanin halin Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga. Yashi ne busasshe yawancin shekara, amma in an yi ruwa bisa duwatsun Mandara sai su cika farat ɗaya, ko da nan ba a yi ko ɗigo ba. Kada a ɗaure dabba cikin mayo ko bakin gaɓarsa, ko da rana ce. A shekarar 2012 Binuwai ta yi ambaliya wajen Lagdo da Garwa, a 2024 kuma ruwa ya ci Yagwa da ƙauyukan Mayo Danai, an yi hasarar dabbobi da yawa. In ruwa ya fara shiga gida, barga kome ƙarfinta ba ta da amfani. A kwance dabba a kai ta tudu tun ruwa bai kai gwiwa ba.

Na ce ruwa ba ya cutar lafiyayyen doki, amma ba duka ne lafiyayyu ba. Farkon damina dabbobinmu a rame su ke, sun sha rani, ga kuma aiki ya fi yawa a lokacin. Ramammen doki, da tsoho, da dukushi, da goɗiya mai tsohon ciki, da wanda aka kwance daga garma yana gumi, waɗannan su a ke fara ba wuri in bargar ba ta isa duka ba. Jaki ma haka. Mutane suna ganin jaki ba abin da ke damunsa, alhali gashinsa ya fi na doki shan ruwa, ba ya kuwa son duka. Shanun huɗa su suka fi jimiri, sai dai yawan jiƙa yana tayar musu da kirci.

Har wa yau barga tana da wani amfani ko ba hadari. Annobar dawaki, wadda ke kumbura kai da sa kumfa ta hanci, ƙyashi ne ke ɗauke da ita, shi kuwa ƙyashi da damina ya ke yawa, daga faɗuwar rana zuwa hantsi ya fi cizo. Dokin da ke kwana cikin rufaffiyar barga ya fi na waje tsira. Da cutar ta ɓulla a ƙasar Tailan a 2020, gidan sauro aka riƙa kewaye bargogi da shi. Ga kuma taki. Kashin da ya taru ƙarƙashin rufi, aka riƙa zuba masa kara, ya fi wanda ruwa ya wanke a fili amfani ga gona. Sai dai a riƙa kwashewa, don doki in ya daɗe tsaye cikin caɓi kofatonsa ruɓewa ya ke yi.

Saura hadarin da ya tarad da kai a gona. In ka ga walƙiya, ka ƙidaya a hankali har ka ji tsawa. Kowane ƙidaya uku kilomita ɗaya ke nan. In ba ka kai talatin ba, hadari ya matso, aiki ya ƙare. Ka kwance dabba daga garma, ka bar garmar nan, ƙarfe ce, ba inda za ta. Kada ka hau doki ka ce za ka tsere, don mahayi a fili shi ne abin da ya fi kome tsawo. Ka ja shi, ka kauce wa tudu da itacen da ke tsaye shi kaɗai. Ina kuma roƙonku, iyayena, in tsawa ta riga ta fara, kada a aiki yaro ya je ya shigo da doki. Abin da ba a yi ba kafin iska ta iso, a bar shi sai an yi rabin sa'a ba a ji tsawa ba.

In hadari ya wuce, a ɗauki fitila a duba dabba tun daga kai har kofato. A ɗaga kowace ƙafa a ga ko ta taka ƙusa. Ɗan ƙaramin huji a kofato shi ke kawo cutar nan mai sandarar da jiki da ƙulle muƙamuƙi, wadda likitoci ke kira tetanos, doki kuwa ya fi sauran dabbobi saurin kamuwa da ita. A wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a cusa masa kashin shanu ko baƙin man mota, a kira likitan dabbobi ran nan, kada a jira sai ya fara ɗingishi. Dokin da ya jiƙe a goge shi da busasshiyar ciyawa, kada kuma a ɗora masa kayan garma sai bayansa ya bushe.

Mako mai zuwa zan bi gida gida tare da shugaban ƙungiya mu girgiza ginshiƙai. Wanda ya ke so a fara da tasa bargar ya ba da sunansa kafin mu tashi.