Sana'a A Hannu, Shaida A Aljihu: Jawabi Ga Matasan Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi

Mai jawabi ya fara da tambayar 'yan uwa matasa: in injin ban-ruwa ya tsaya a fadama, ko sola ta masallaci ta daina kawo wuta, wa ake nema? Ya ce ba a neman mai tarin takardu, wanda ya iya kwance injin ya mayar ake aika wa.

Malamin ya ce tun da ta'asar 'yan bindiga ta hana jama'a da dama a ƙasar Zurmi da Shinkafi zuwa gonakin nesa, saurayi ya koma ko acaɓa, ko ci-rani, ko zaman kashe wando. Gona ba ta ɗaukuwa a ka, in ji shi, amma walda da kafinta da haɗa wayar lantarki suna bin mai su duk garin da gudun hijira ya jefa shi.

Daga nan ya daɗe a kan abin da ya fi damunsa. Ya ce yaro zai shekara bakwai a gareji ƙarƙashin maigidansa, ya ƙware har ya fi shi, amma ranar da kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata sai a ce ina shaida, ya dawo gida da sanyin gwiwa. Alhali Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, daga na 3 zuwa na 1, kuma irin wannan yaro ake nufi da ita. Wanda ya bi ta makarantar fasaha kuwa, jarrabawar hukumar NABTEB zai zauna, kuma in sakamakonsa ya yi kyau zai iya neman gaba da shi.

Gaban ma ba nisa, in ji shi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan Ƙauran Namoda tun 1983, shekara 13 kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Difloma shekara 2 ce, sai shekara ɗaya ta aiki a masana'anta, sannan babbar difloma wasu 2. Abin kunya ne, a cewarsa, ɗalibi ya taso daga Kudu ya same ta, ɗan Zurmi bai taɓa leƙa ƙofarta ba.

Sai dai ya gargaɗi 'yan uwa da kada su ruɗu da allo mai fenti a bakin titi. Kafin a biya ko sisi, a nemi shiga ɗakin koyon aiki a ga injina suna motsi, a tambayi ɗalibai sau nawa a mako suke taɓa su, sannan a bincika ko hukumar NBTE da ke Kaduna ta amince da kwas ɗin.