Lacca: Da Wane Mudu Ake Auna Makarantar Sakandare?

Jama'a, duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC ko ta NECO ya fito, iyaye a Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba sukan tambayi abu ɗaya tak: yara nawa suka sami kiredit biyar, har da Turanci da lissafi? Daga nan sai a yanke wa makaranta hukunci, a kwashe 'ya'ya daga wannan a kai waccan, ko da kuɗin makarantar ya ninka. Wannan mudu kuwa yana da ha'inci a cikinsa.

Duk wanda ya san harkar shanu ya san ba a yabon mai kiwo don sansa ya fi na kowa girma. Sai an duba yadda san yake ranar da aka ba shi. Wanda ya karɓi ramamme ya mai da shi ƙosasshe ya fi wanda ya karɓi ƙosasshe ya bar shi yadda yake. To haka makarantu suke. Makarantar da ke tace yara tun a bakin ƙofa, ta ɗauki masu ƙoƙari kaɗai, ba abin mamaki ba ne ta yi fice, ko da malamanta ba su taɓuka kome ba.

A shekarar 1966 James Coleman ya fitar da rahoton binciken da aka yi a kan ɗalibai fiye da 600,000 a Amurka, inda ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Wannan ya sa masana ƙididdiga suka koma neman abin da makaranta ita kanta ta ƙara wa yaro. A 1978 Charnes da Cooper da Rhodes suka kawo wata hanyar lissafi wadda ke ɗora abin da aka zuba, wato malamai da kuɗi, a kan abin da ya fito, sannan a gwada kowace makaranta da takwarorinta mafiya ƙwazo. Ingila kuma, wadda ta fara buga jerin gwanon makarantu a 1992, ta shigo da sabon ma'auni a 2016, mai gwada sakamakon yaro ɗan shekara 16 da na sa'o'insa waɗanda suka gama firamare da maki irin nasa.

Amma fa alƙaluma ma a kan yi musu wayo. Akwai makarantun da ke hana raunanan yara shiga jarrabawa da sunansu, don kada su ɓata musu lissafi; ga kuma satar amsa. Bugu da ƙari, inda 'yan aji ba su wuce 20 ba, faɗuwar yara biyu kaɗai za ta rage aƙalla kashi 10 cikin 100, saboda haka sakamakon shekara ɗaya bai isa shaida ba.

Uban da ya je neman wa ɗansa gurbi, sai ya nemi shugaban makaranta ya nuna masa sakamakon shekaru uku a jere, ya kuma tambaye shi yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa ne daga cikinsu suka kai ga zama jarrabawar ƙarshe.