Juma'ar da Za Ta Yi Kyau: Kintacen Ciwon Zuciya da Shanyewar Ɓarin Jiki



Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka abin yake game da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wanda jama'a kan danganta da iska ko sammu. Alamunsu sukan riga su zuwa da shekaru, sai dai ba a jin su a jiki, a kan gano su ne ta hanyar awo.

Wannan ilmi ya samo tushe daga binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948, kan mutum 5,209. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon jadawali na masu shekara 40 zuwa 74, har da wanda ba ya bukatar gwajin jini. Abubuwa biyar ake dubawa: shekaru, jinsi, shan taba, hawan jini, da nauyi gwargwadon tsayi. Idan aka ce goma cikin ɗari, ma'anarsa cikin mutum ɗari masu irin wannan hali, kimanin goma ciwon zai sama cikin shekara goma.

Amfanin wannan ga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a fili yake. Manomin da asibiti ya yi wa nisa, ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani zai iya auna shi. Kintace ba sanin gaibu ba ne, lissafi ne mai sauyawa: barin taba, rage gishiri da shan maganin hawan jini sukan sauko da shi. Magidancin da ya kwanta kuwa, gonarsa da iyalinsa sun kwanta tare da shi.

Allah ya sa a gane tun daga Laraba.